Digiri Goma Sha Bakwai

Ranar da jirgin ruwan Baba ya matse mai kama igiya da bangon tasha, ina shago ina fama da rediyon wani masunci. Wayata ta yi ƙara sau uku ban ɗauka ba, don hannuna ɗaya na riƙe da ƙarfen narka dalma. A na huɗu na ɗauka. Mama ce, ta ce in zo asibiti yanzu, ba Baba ba ne, amma dai in zo.

Mai kama igiyar ana ce masa Sannu-sannu, saboda ba wanda ya taɓa ganin ya yi gudu, ko da ruwa ake tsugawa. Shekara ashirin yana tsaye a bakin tasha yana cafe igiyar jirgin Baba yana ɗaurawa a turken ƙarfe. Ran nan wata igiya ta maƙale a cikin tayoyin da aka rataya a jikin bango, ya sauka kan matakala zai ciro ta, sai jirgin ya taho da gefe maimakon ya shigo a miƙe. Bai kai la'asar ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu.

Baba kyaftin ne na jirgin da ke ƙetarar da mutane da motoci daga wannan gaɓa zuwa waccan, sau shida a rana, shekara talatin da ɗaya. A duk tsawon wannan lokaci ko fentin jirgi bai taɓa gogewa a bango ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji wannan labari. Da kwamitin bincike ya kira shi, magana ɗaya ya faɗa: iska ce ta buge shi daga dama. Suka tambaye shi ko yana da ƙarin bayani, ya ce babu.

Matsalar ita ce na'ura ta ƙaryata shi. A kan rufin ɗakin tuƙi akwai doguwar sandar ƙarfe, a can ƙolinta kuma akwai na'urar auna iska. Ita ke faɗa wa allon da ke gaban kyaftin ƙarfin iska da kuma inda take fitowa, allon ya lissafa nawa ne daga cikin wannan ƙarfi yake tura jirgi ta gefe. Dokar kamfani a rubuce take a jikin bangon ɗakin tuƙi: idan iskar gefe ta haura ashirin, kada a shiga tasha, a tsaya a waje a jira. Kwamitin ya ciro abin da na'urar ta ajiye na wannan sa'a, ya ga goma sha shida. Da goma sha shida kuwa ko sabon shiga yana iya shigar da jirgi. Sai aka fara faɗar abin da ake faɗa wa tsoho: hannu ya fara rawa, ido ya fara gajiya, ya kasa yarda ne kawai, shi ya sa yake ɗora wa iska. Aka dakatar da shi, aka sa ranar Alhamis bayan mako biyu don yanke hukunci. Kowa ya san za a karɓe lasisinsa, a rubuta cewa hannunsa ne ya kashe mutum.

Ni ce na ɗaura wannan na'ura, shekara uku da suka wuce. Shi ne babban aikina na farko a shagonmu na gyaran kayan lantarkin jirage, kuma Baba ne ya sa baki aka ba shagon aikin.

Baba ya dawo gida ya zauna. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma kujerar roba a baranda, yana kallon bangon maƙwabta daga safe har yamma. Mama ta ajiye masa abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ƙannensa suka riƙa zuwa suna ba shi haƙuri irin wanda ya fi zagi ciwo, wai ai tsufa ba laifi ba ne, Yaya, kowa da ranarsa. Ƙanwarsa har ta kawo sunan wani likitan ido. Ni kuwa zuciya ce ta ɗebe ni na ce mata idon Baba ya fi nata, tunda shi yana gane lokacin da ya kamata baƙo ya tafi. Mama ta harare ni, goggon tawa ta ɗauki jakarta. Ban yi nadama ba, har yau.

Na yarda da Baba. Na san mutumin da ke jiƙa yatsa ya ɗaga sama ya faɗa maka abin da iska za ta yi nan da sa'a guda. Idan ya ce iska ce, iska ce. To idan shi bai yi ƙarya ba, na'ura ce ta yi, kuma da na kai nan a tunani sai na tuna abin da na yi a kan sandar nan.

Ina jin tsoron tsayi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin. Ranar ɗaurin na hau da igiyar tsaro a ƙuguna, ma'aikatan jirgi da na tasha wajen ashirin sun taru a ƙasa suna kallon 'yar Kyaftin, wasu na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wasu na cewa a shimfiɗa katifa. A jikin na'urar akwai 'yar kibiya wadda dole ta kalli goshin jirgi daidai. Ni da ƙyar nake iya duba ƙasa, balle in hango goshin jirgi in auna. Sai na ga ƙarfen da aka yi wa walda a jikin sandar ya miƙe gaba, na ce ai wannan gaba yake kallo, na daidaita kibiyar da shi, na ɗaure noti na sauko. Akwai kuma gwajin da ake yi bayan ɗauri, a fita da jirgi ranar da ba iska a duba allo. Fasinjoji na jira, aka ce a bari sai wani lokaci. A takardar kammala aiki akwai gurbin da aka rubuta an gwada. Na sa hannu a wurin.

Ba wanda ya ce in bincika. Ni na buɗe kwamfutar shago, inda muke da kwafin duk abin da na'urar ta ajiye, don duk shekara mu ke mata sabis. Hanyar gane karkata mai sauƙi ce. Idan ba iska a gari kuma jirgi na gudu a miƙe, iskar da na'ura za ta ji ita ce ta gudun jirgin kansa, wadda dole ta fito daga goshi sak, allo ya nuna sifili. Na roƙi wata ƙawata da ke ofishin yanayi na tasha ta ba ni jerin safiyoyin da iska ta kwanta a shekara ukun nan. Na tsinci arba'in da ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kwana uku, ina yi wa Oga, mai shagon, ƙarya cewa rediyon masuncin nan ne ya ƙi gyaruwa.

Babu safiyar da ta nuna sifili. Digiri goma sha bakwai daga hagu, goma sha shida, goma sha bakwai, goma sha takwas, goma sha bakwai. Tun makon farko da na ɗaura ta.

Duk da haka ban yarda da kwamfuta ita kaɗai ba. An ja jirgin zuwa wurin gyara don a buge lotsewar gefensa, sai na je da jakar aikina na ce wa mai gadi sabis na zo yi. Na ja zare daga tsakiyar goshi zuwa tsakiyar baya, na hau sandar da ma'aunin kusurwa a aljihu. Tsoron yana nan bai je ko'ina ba, amma wannan karon na duba ƙasa. Kibiyar ba ta bin zaren. Ta kauce dama, tana kallon wani tsohon kwalekwale da aka kifa a gefe. Ƙarfen da na amince da shi a karkace aka yi masa walda tun asali, tsatsar da ke jikin waldar ta isa shaida cewa ba bugun ran nan ne ya lanƙwasa shi ba. Na auna sau uku, digiri goma sha bakwai.

A can saman na yi lissafin, a bayan rasit, da biro. Ƙarfin iskar ran nan talatin ne. Na'urar ta ce tana fitowa daga digiri talatin da uku ta dama, shi ya ba da iskar gefe goma sha shida. In ka mayar mata da goma sha bakwai ɗin da na cinye, kusurwar ta zama hamsin, iskar gefe kuma ta zama ashirin da uku. Baba ya yi gaskiya. Iska ce, kuma allon da ya kamata ya ce masa ya tsaya a waje shi ya ce masa bismilla.

Na daɗe a kan sandar ina kallon rasit ɗin. Ba zan ɓoye ba, abin da na fara tunani shi ne in yage shi. Ba wanda ya sani sai ni. Baba ya kusa ritaya dama, ni kuwa ina da shekara ashirin da tara da sana'ar da na sha wuya kafin maza su yarda in taɓa musu waya. Wannan tunani ya kai minti biyar a kaina, kuma ina jin kunyarsa fiye da kuskuren kansa.

Na sauko na koma shago na rubuta komai: safiyoyi arba'in da ɗaya, hotunan zare da kibiya, lissafin, da kwafin takardar da na sa wa hannu. Na nuna wa Oga. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ce ko na san wannan takarda za ta iya rufe masa shago. Na ce na sani. Ya ce ko na san ba wanda zai ƙara ba ni ko tocila in gyara. Na ce wannan ma na sani. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga, sannan ya ce in tafi, kuma in bar masa makullin shago a kan tebur.

Ranar Talata da safe na kai takardar ofishin kwamiti. Jami'in da ya karɓa mutum ne mai sanyin magana, ya duba shafukan a hankali, ya tambaye ni dangantakata da kyaftin, na faɗa masa. Ya buga hatimi, ya ba ni 'yar takardar shaida. Na fito ina jin kaina kamar wadda ta sauke buhun siminti. Ban faɗa wa Baba tun farko ba don na san zai hana, zai ce shi ya gama rayuwarsa, in bar tawa. Na so in kai masa abin an gama, in ga fuskarsa ta dawo.

Na same shi a baranda. Mama na ciki tana guga. Na durƙusa kusa da kujerarsa na faɗa masa komai a jere, ina sauri kamar ɗaliba mai kawo hadda: karkatar, zaren, ashirin da uku. Na ce laifina ne, kuma na riga na kai musu, ranar Alhamis kowa zai san hannunsa lafiya lau yake.

Bai juyo ba. Ya tambaye ni sau ɗaya ko da gaske na riga na kai. Na nuna masa hatimin.

"Goma sha bakwai," ya ce. "Ni goma sha biyar nake cewa. Ido ba mudu ba."

Ban gane ba, na ce masa ban gane ba.

"Tun makon farko na sani, 'yar nan. Safiya ba iska, allo na ce min iska daga hagu. Yaro ma zai gane."

Sannan ya ba ni sauran, a hankali, yana kallon bango. Ba shi kaɗai ya sani ba. Mataimakinsa ya sani, mai kula da inji ya sani, duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin tuƙin nan ya sani. Har suna suka sa wa abin. Idan iska na dama, mataimaki ya karanta allo, sai ya ce a ƙara na 'yar Kyaftin, su ƙara shida ko bakwai a ka. Shekara uku ana kiran sunana a ɗakin nan sau shida a rana, ni ina shago ina ɗaga kai. Kuma da yake allon yana rage iskar dama, sai abin ya zama musu sauƙi. Ranakun da doka ta ce a jira a waje, fasinjoji na amai, ofis na damun su a rediyo, sai Baba ya shiga abinsa, don ya san hannunsa, kuma in an duba na'ura ba za a ga komai ba. Ya ce ya shiga da iskar da ta fi ta ran nan ya fi sau ɗari.

"Ran nan ma mataimakina ya faɗa min," in ji Baba. "Ya ce da na 'yar Kyaftin mun haura ashirin. Na ce mu shiga."

Na ji ƙarar dutsen guga da Mama ta ajiye a ciki. Ban sani ba ko ta ji, ko dama ta sani.

Sai a lokacin na ga abin da na aikata. Kwamitin bai tambayi kowa ko allon daidai yake ba, don ba wanda ya yi zaton akwai abin tambaya. Mataimakin bai yi ƙarya ba, ba a tambaye shi ba ne kawai. Da na bar abin yadda yake, da Baba ya tafi a matsayin tsohon da hannu ya ci amanarsa, a karɓe lasisi, a tausaya masa, shi ke nan. Yanzu kuwa tambaya ta farko da kowane mai hankali zai yi ita ce, shekara uku, ba wanda ya lura? Wanda ya san iska ta haura doka ya shiga, mutum ya mutu, maganarsa ta wuce kwamiti, ta zama ta kotu. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Haushi ne ya fara zuwa kafin kuka. Na miƙe na ce masa me ya sa bai faɗa min ba, kalma ɗaya, a kan abinci, a mota, ko'ina. Na ɗaga masa murya yadda ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Na ga yadda kika sauko," ya ce. "Kina rawar jiki kina murmushi, su kuma suna tafa miki. Na ce in na faɗa sai an rubuta, in an rubuta sai Oganki ya gani. Na ce bari a kwana biyu in faɗa miki mu biyu. Daga baya kuma abin ya yi min daɗi, ba zan ɗora miki wannan ba."

Na ce zan koma in karɓo takardar, in ce na yi kuskure a lissafi, in ce zaren ya goce. Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun da na shigo.

"Lissafin daidai ne?"

"Daidai ne, Baba."

"To ki bar shi."

Ranar Alhamis muka je mu uku. Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya, kujerun ƙarfe a jere. Matar Sannu-sannu ta zo da wanta, suka zauna a layin gaba, ni ina bayanta ina kallon ƙeyarta. Aka karanta takardata daga farko har ƙarshe, har da wurin da na sa hannu cewa an gwada. Aka kira mataimakin Baba. Mutumin ya tsaya yana murza hularsa, ya dubi Baba, Baba ya gyaɗa masa kai, sai ya faɗi komai. Da ya zo kan na 'yar Kyaftin wani a baya ya fara dariya ya haɗiye ta. Matar ba ta juyo ba, amma na ga kafaɗunta sun motsa.

Jami'in mai sanyin magana ya tambayi Baba ko ya san allon na rage iska. Ya ce ya sani. Ya tambaye shi ko a ranar ya san sun haura ashirin. Ya ce ya sani. Ba a kai rabin sa'a ba aka rufe zaman, aka ce an miƙa maganar ga masu gabatar da ƙara. 'Yan sanda biyu suna jira a bakin ƙofa. Baba ya cire agogonsa ya miƙa wa Mama, ya bi su.

Bayan mako guda kamfanin ya kawo wani ma'aikaci daga wani shago don ya gyara na'urar kafin jirgin ya koma aiki da sabon kyaftin. Kwamiti ya ce in je in nuna masa inda na ja zare. Na tsaya a ƙasa na riƙe masa bakin zaren. Ya hau, ya sassauta noti biyu, ya juya kibiyar, ya ɗaure, ya sauko yana kakkaɓe hannu. Na duba wayata ba tare da na yi niyya ba. Minti huɗu ya ɗauka.